Wunin Tajunnisa a Ɗakinta

A unguwar Mahim ta Mumbai, duk matar da rishonta ya taɓa yi mata gardama ta san Kamruddin Dalvi. Gajeren mutum ne, siriri, mai yatsun da sabulu ya gaji da raba su da warin kalanzir ya haƙura. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a Ratnagiri da akwatin ƙarfe guda, ya samu gindin wani bango kusa da tashar jirgin ƙasa, ya zauna yana gyaran risho mai famfo. A gindin bangon nan gemunsa ya yi fari.

Ba shi da yawan magana, kuma ba laifinsa ba ne, domin Allah ya haɗa shi da matar da ke yin maganar mutum biyu. Tajunnisa ke nan. In ta buɗe baki a layin ɗiban ruwa, har masu kamun kifi a bakin teku sai sun san wadda ta tsallake mata tulu. Da rana tana ɗinke gefen sari, wato dogon zanen da matan unguwa ke ɗaurawa, ana ba ta abin sayen albasa da busasshen kifi. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Shabnam, wadda ta yi aure a can ƙauye tana fama da nata hidimar. Ɗakinsu na kwano ne a wani lungu da ko akuya biyu ba sa giftawa tare. Da damina ruwa ya shigo ta sama, kwata ta shigo ta ƙasa, su ɗora buhun shinkafa a kan gado su zauna kusa da shi.

"Baban Shabnam," takan ce masa, "ni ba gwal na roƙe ka ba. Kafin in mutu dai, in murɗa famfo a cikin ɗakina ruwa ya zubo, ban zagi uwar kowa ba."

Shi kuwa sai ya ce, "Allah ya nuna mana," ya ci gaba da tsokale bakin risho.

To, sai ga shi Allah ya nuna musu. Ƙasar lungun nasu, wadda da ko kare ba ya son kwana a kanta, ta wayi gari ta yi tsada saboda tana kallon teku. Wani mai kamfanin gine-gine ya zo da fararen kaya da murmushi, ya ce zai rushe lungun ya gina dogayen benaye biyu. Na gaba, mai fuskantar ruwa, zai sayar wa masu hali. Na baya kuma nasu ne, kowane gida ciki da falo da kicin da banɗaki, kyauta. Kalmar nan ta kyauta ita ta cinye mutanen lungun. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke bayanta, har da Kamruddin, wanda ya dangwala yatsa baki har kunne.

Aka kwashe su zuwa gidajen wucin gadi, aka ce shekara biyu. Shekara biyun ta yi ta haihuwa har jikokinsu na ƙauye suka shiga makaranta. A wannan tsakanin tukunyar gas ta shiga kowane kicin, risho ya koma na masu shayin bakin titi. Kamruddin yakan wuni a gindin bangonsa yana korar ƙuda, ya dawo da abin da bai kai kuɗin jirgi da burodi ba. Idon Tajunnisa ma ya fara gajiya da zare da allura. Amma ba ta taɓa karaya ba. Duk Juma'a sai ta je ta tsaya a ƙasan ginin ta ƙirga hawa nawa aka ƙara, ta dawo ta ba shi labari.

Ranar da aka ba su makulli, hawa na sha huɗu, ta shiga da ƙafar dama da bisimilla, ta zarce kicin ta murɗa famfo. Ruwa ya zubo. Ta tsaya tana kallonsa tana kuka, har sai da Kamruddin ya ce, "Uwar Shabnam, kashe mana, ai ba rijiya ba ce." Ta tagar uwar ɗaka ana hango ɗan tsirin teku tsakanin benen masu kuɗi da wani bango. Faɗinsa bai fi tafin hannu ba, amma ita ta ce nata ne, kuma ya ishe ta.

Daga nan takardu suka fara zuwa. Kuɗin lifta, kuɗin mai gadi, kuɗin injin tura ruwa sama, kuɗin wutar matakala. Ɗan abin da mai kamfani ya ajiye don kula da ginin ya narke tun ba a je ko'ina ba. Sai uban gayyar, harajin gida. Kamruddin ya ɗauka kuskure aka yi, ya sa farar rigarsa ya tafi ofis. Ma'aikacin ya yi masa bayani da haƙuri: ana auna haraji ne da darajar wurin da gida yake, kuma wurinsu yanzu wurin manya ne.

"Amma ranka ya daɗe, ni mai gyaran risho ne."

"Baba, ba kai muke aunawa ba, ƙasar muke aunawa."

Wannan magana ta daɗe tana cin ran Kamruddin, kuma ni ma tana cin nawa. Mutum ya yi shekara arba'in a kan ƙasa tana jiƙa masa katifa, ranar da ta yi daraja kuma shi ne farkon wanda ba zai iya zama a kanta ba. Suka rage cin kifi. Suka daina kunna fanka. Awarwaron auren Tajunnisa suka tafi ɗaya bayan ɗaya, duk da haka abin da ke shigowa bai kamo ƙafar abin da ke fita ba.

Hamid Kazi, sakataren kwamitin ginin, tsohon maƙwabcinsu ne tun daga lungu. Shi ya ja Kamruddin gefe, yana kiransa Bhai, wato ɗan'uwa.

"Kamru Bhai, kada ka kashe kanka. Rabin mutanen benen nan ba masu gidajen ba ne. Ka sa ɗan haya, kuɗin ya biya haraji da sauran tarkace, ragowar ka kama ɗaki a Mumbra, can wajen gari inda haya ke da araha. In abubuwa sun daidaita ka dawo."

"Ai an hana ba da haya. In aka kama mu ƙwace gidan za a yi."

"Wa ya ce haya? Ɗan ƙanwar matarka ne ya zo zama da ku. Kai ba ka da dangi ne?"

Haka Tajunnisa, wadda ba ta da ƙanwa ko ɗaya a duniya, ta samu ɗan ƙanwa mai suna Imtiyaz, ma'aikacin wani kamfanin waya, da amaryarsa Nilofar. Ranar tashi Tajunnisa ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta wanke kicin tas, ta miƙa wa Nilofar makulli, ta ce, "Famfon nan kada ki matse shi da ƙarfi." Ko damina biyu ba ta cika a gidan ba.

Ɗakin Mumbra a gindin dutse yake, bangonsa kullum a jiƙe. Can bakin Tajunnisa ya mutu. Kamruddin, wanda ya yi shekara da shekaru yana addu'ar ta yi shiru ko na rabin wuni, ya koma yana tsokanarta don ta zage shi, ba ta ko ɗaga kai. Tari ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, likitan asibitin gwamnati ya ce zuciya ce ta gaji. Magana ɗaya ta rage mata, duk farkon wata in ya dawo daga karɓo kuɗin haya.

"Yaushe za mu koma?"

"Bayan damina, in Allah ya yarda."

Ya san ƙarya yake yi. Kowace shekara kuɗin ginin ƙaruwa yake, shi kuma ƙarfinsa raguwa. Abin da yake roƙo a sujada guda ne, kada matar nan ta cika a ɗakin haya alhali tana da nata.

Ana tsakiyar daminarsu ta uku a Mumbra Hamid Kazi ya kira shi a waya.

"Kamru Bhai, masu bincike daga hukumar gidaje za su zo gobe, gida-gida za su bi. Ku zo da sassafe ku zauna a gidanku. Ka taho da matarka, sunanta na kan takarda, dole su gan ta."

Ba za ta iya turmutsutsun jirgin ƙasa ba, sai Imtiyaz ya aiko da tasi. Kamruddin ya ɗauko hotonsu na aure da tsohuwar tukunyarta da dardumarsa, kayan shaida ke nan cewa mutum yana zaune a gidansa. A lifta ya riƙe ta, ya ji ba ta fi nauyin yarinya ba.

Ƙofa na buɗewa sai ga wata Tajunnisa daban. Ta tsaya a bakin kicin tana haki, ta kalli Nilofar sama da ƙasa.

"Ke, wa ya koya miki ajiye gishiri kusa da wurin wanke-wanke? Ba uwa a gidanku?"

Nilofar ta yi dariya, ta kira ta Khala, wato 'yar'uwar uwa. "Ai shi ya sa muka ɗauko ki, Khala."

Imtiyaz ya ce, "Khala, mu yi bita. In sun tambaya, yaya sunan mahaifiyata?"

"Oho maka. Ƙanwata ce, amma tun da ta haifi mai kunnuwa irin naka na daina kiran sunanta."

Kamruddin ya juya baya yana kafa hoto a ƙusa, don kada a ga idonsa. Rabon da ya ji muryar nan har ya manta.

Ƙarfin bai daɗe ba. Nilofar ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta kwantar da ita a uwar ɗaka, ta gyara mata matashi yadda fuskarta za ta kalli taga. Tajunnisa ta yi ajiyar zuciya ta lumshe ido.

Kafin azahar masu binciken suka iso, su biyu, a jiƙe kuma a gajiye. Suka duba takardu, suka kalli hoton bango, suka tambayi wane ne wannan saurayin, aka ce ɗan ƙanwa ne. Ɗayansu ya leƙa uwar ɗaka ya ga tsohuwa kwance ido a rufe, ya rage murya ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Ko shayin da aka zuba musu ba su shanye ba suka wuce gida na gaba.

Shi ke nan, aiki ya ƙare, saura a kira tasi. Kamruddin ya shiga ya zauna a bakin gado. Numfashinta na fita a hankali, ba irin na Mumbra mai ƙara ba. Can ta motsa.

"Sun zo?"

Ya buɗe baki, ya ji kansa yana cewa, "Tukuna."

Nilofar na tsaye a ƙofa da kofin ruwa. Ta kalle shi, ta kalli tsohuwar, ta ce, "Ai kin san ma'aikata, Khala, sai sun ga dama. Ki yi kwanciyarki."

Aka yi azahar. Nilofar ta dafa shinkafa da miyar kifi da kwakwa, Tajunnisa ta ci loma uku ta ce tsamiya ta yi kaɗan. Aka yi la'asar, ta sake tambaya, ya sake cewa tukuna. Ruwan sama ya tsagaita, rana ta leƙo ta faɗa kan ɗan tsirin tekun. Kamruddin bai taɓa yin wunin da ya so kada ya ƙare kamar wannan ba, kuma bai taɓa jin kunyar talaucinsa kamar a ranar ba.

Dab da magariba Imtiyaz ya kira shi falo, yana sosa ƙeya. Chacha yake ce masa, wato baffa.

"Chacha, ku kwana mana. Mu ma kwanta a nan falo. Jikin nata ba na shiga mota ba ne yau."

Kamruddin ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya koma ciki da sauri kamar yaron da aka aika da albishir.

"Uwar Shabnam, da alama mutanen nan sai gobe. Yaran sun ce mu kwana."

Ya tarar ta tashi zaune, ta gyara mayafinta, ta sauko da kumburarrun ƙafafunta ƙasa.

"Baban Shabnam, shekara nawa muna tare ba ka iya ƙarya ba. Na ji shigowarsu, na ji fitarsu. Har addu'a ɗayan ya yi mini."

"To me ya sa..."

"Na ga kana jin daɗi ne, na bar ka. Ni ma na ji daɗi." Ta numfasa. "Miƙo mini takalmina."

"Ki kwana, don Allah. Dare ɗaya. Gidanki ne."

"Na san jikina. In na kwanta a gadon nan yau, ba zan tashi ba." Ta rage murya don kada na falo su ji. "Yarinyar nan ciki gare ta, ba ka lura ba? Kana ganin za ta haihu a ɗakin da aka fitar da gawa? Uwarta ba za ta bari ba. Za su tashi, labari ya bazu a benen, gidan ya yi wata da watanni babu kowa. Da me za ka biya harajin? Da risho?"

"Su ƙwace shi. Me zan yi da shi in ba ke?"

"Na Shabnam ne. Ba za a ce uwarta ta sha wahalar nan duka ta tafi ba ta bar mata ko ƙofa ba. Miƙo takalmin, kada magariba ta same mu."

Ya durƙusa a gabanta. Takalmin ya ƙi shiga saboda kumburi, hawayensa na ɗiga a kan ƙafarta. Ta dafa kansa ta jira har ya gama. Da za su fita ta tsaya ta ce wa Nilofar ta riƙa buɗe tagar ɗaka da safe saboda danshi, sannan ta jingina da mijinta suka nufi lifta. Ba ta waiwaya ba.

Ta rasu a Mumbra kafin damina ta ɗauke, aka binne ta a can. Kamruddin yana nan da ransa, ya daina zuwa gindin bango. Duk farkon wata yakan hau jirgi zuwa Mahim, ya tsaya a bakin ƙofa ya karɓi kuɗin haya, ko an ce ya shigo ba ya shiga. Har yau bai taɓa makara da biyan harajin gidan ba.