Ƙahon da Gwadabe Ya Ƙi Kafawa

Duk wanda ya tashi a unguwar Yalwawa ta garin Dutse ya san Gwadabe wanzami: gajere, mai tsohuwar zabira, bakinsa ya fi askarsa kaifi. Kakansa ne ya yi wa mahaifin Alhaji Abdulƙadir askin suna, babansa ya yi wa Alhajin, shi kuma ya yi wa 'ya'yan Alhaji tara. Wanzancin gidan nan gadonsa ne, kuma da shi yake tinƙaho a cikin 'yan'uwansa wanzamai.

Shekara shida ke nan da matarsa Zinariya ta wayi gari bakinta ya karkace. Allah ya sa ta warware. Likita ya ɗora ta a kan ƙaramar asfirin, ɗaya kullum, ya ce tana hana jini yin gudaji ya toshe jijiya. Gwadabe, uban iyayi, ya ce bari ya ƙara da nasa. Ya kafa mata ƙaho huɗu a baya. Tsagar da kan tsaya nan da nan, sai ga ta tana tsiyaya har la'asar. Zinariya ta tsorata, ta ce ƙwayar nan ce ta tsinka mata jini, ta daina sha ba ta gaya wa kowa ba. Bayan wata biyu ciwon ya dawo, ya tafi da harshenta da hannunta na dama. Sai a lokacin Gwadabe ya tsinci ƙwayoyin a ɓoye ba a sha ba. Har yau shi ne ke ɗaura mata ɗankwali.

Tun daga nan ba ya ɗora aska a jikin kowa sai ya tambaya: "Wane magani kake sha?" Ana yi masa dariya, ana ce masa Dokta. Ko a jikinsa.

To bara sai Alhaji Abdulƙadir ya faɗi a shagonsa, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Ya yi kwana goma a asibiti, ya dawo yana dogara sanda, da ƙwayoyi biyu masu hana jini daskarewa. Bai yi sati ba ya aika a kira Gwadabe.

"Wanzam, mataccen jini ne ya kayar da ni. Zo ka zuƙe shi."

Gwadabe ya ga kwalin maganin a gefen darduma, ya mayar da zabirarsa hammata.

"Ranka ya daɗe, ban da wannan. Jininka ba zai tsaya da wuri ba."

"To na ajiye maganin sati guda, sai ka dawo."

"Wannan ya fi muni. Shi ya kwantar da Zinariya. Wanda ya ɗora ka a kai shi kaɗai zai ce ka ajiye."

Alhaji ya fusata. "Kai! Ubanka bai taɓa ce wa gidan nan a'a ba."

"Ubana bai taɓa ɗaura wa matarsa ɗankwali ba."

"Wanzamai sun ƙare a Dutse ne?"

Ai kuwa da Alhaji ya sani bai faɗi haka ba. Gwadabe bai koma gida ba. Ya hau kekensa cikin rana tsaka, ya bi wanzaman da ya sani ɗaya bayan ɗaya, daga Yalwawa har Takur. Ya ce wa kowannensu: duk wanda ya tsaga Alhaji, ko ya ce masa ya ajiye magani, to ya shirya amsa tambaya a nan da kuma gaban Allah. Daga nan ya samu Khaulat, babbar 'yar Alhaji, ya zayyana mata komai.

"Baba Gwadabe, zai kore ka fa," in ji ta.

"Ya kora mana. Ke dai ki tsaya a kansa kullum har ya haɗiye maganin."

Ya kuwa kore shi. Wai wanzami ya tona masa asiri a gari, ya haɗa shi da 'yarsa. Da aka haifa wa Alhaji jika a watan Sallah, wani yaro daga Takur aka kira ya yi askin suna. Wallahi abin ya ci wa Gwadabe rai. Ranar bai fita ba, ya zauna kusa da Zinariya yana wasa askar da ba wanda zai aske da ita, har ta miƙo hannun hagu ta karɓe dutsen washin.

Mutane suka dame shi da ya je ya ba da haƙuri, gado ba abin wasa ba ne. Ya ce haƙurin me? Ya yi sata ne?

Yanzu kullum da la'asar Alhaji kan bi ta gaban rumfarsa zuwa masallaci. Ya yar da sandar tuni. Yakan kau da kai, ko sallama babu. Gwadabe kuwa sai ya dakatar da aski, ya bi ƙafar nan ta hagu da kallo har ta sha kwana.

Rannan wani da ake yi wa aski ya ce, "Haba Dokta, mutum yana gaba da kai kana kallonsa kamar sabon ango?"

Gwadabe ya danne masa kai ya ci gaba da aski.

"Bar shi ya yi ta gabarsa. Da bakinsa ya kore ni, da ƙafarsa yake wuce ni. Zinariya fa shekara shida ina jira ta zage ni."