Rantsuwar Shekaru

Ɗana na fari bai shiga jami'a da wuri ba. Bayan ya gama sakandare sai da ya yi damuna da dama a Udubo yana taya ƙanena noma, yana ta sake jarrabawa, kafin a ɗauke shi. Ranar da labari ya zo ana ta yi mini barka, ni kuwa shekarunsa nake lissafawa a zuci. An gaya mini duk wanda ya haura talatin kafin ya kammala ba a tura shi bautar ƙasa. Na ga yana da 'yar rara, amma ba ta da yawa.

Ni iyakata firamare, awon hatsi nake yi a kasuwar Azare, ban san yadda ake tafiyar da jami'a ba. Abin da na sani, yaron yakan dawo da jakarsa ana tsakiyar zango, ya ce malamai sun tafi yajin aiki saboda gwamnati ba ta saki kuɗin da ta yi alkawari ba. Kimiyya yake karantawa, amma ya ce a ɗakin gwaji sai dai malam ya zana na'ura a allo ya ce su ɗauka ita ce. Kullum ina manne da rediyo. Yau a ce an zauna, gobe a ce an tashi baram-baram. Haka rarar nan ta ƙare muna kallo.

Wani maƙwabcina da ke rubuta wa mutane takardu a bakin kotu ya same ni a rumfa.

"Malam, kai ma dai da neman wahala. Ka zo kotu ka rantse a rage masa shekara biyu, shi ke nan. Kowa haka yake yi."

Na ce, "Alhaji, na san shekarar da aka haife shi. Ni na yanka ragon."

Ya yi dariya. "Ragon ne zai zo ya ba da shaida? Waɗanda suka cinye masa shekarun ma da Alƙur'ani suka rantse kafin su hau kujera."

Na kwana biyu abinci ba ya shiga. Na tambayi limaminmu, ya ce rantsuwar ƙarya ce, na sake komawa na tambaye shi ko na ji daidai. Uwar yaron ta ce, "Malam, ba kai ka rufe makarantar ba, me ya sa ɗanka zai biya?" Har bakin kotun na je, na tsaya ina kallon masu shiga, amma ban shiga ba. Na dawo na ce wa yaron ba zan iya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Ya kammala bayan ya haura talatin. Takardar yafewa suka ba shi, wai an ɗauke masa nauyi. Abokansa da aka rage wa shekaru suka tafi bautar ƙasa, har wani ya samu aiki a can inda aka tura shi.

Yanzu tare muke zama a rumfa, shi ke ɗinke bakin buhu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Idan rediyo ta fara zancen kuɗin jami'o'i, sai ya miƙa hannu ya kashe, ya ci gaba da ɗinkinsa.