Ramukan da Ke Gefen Rafi Marar Suna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba. Amma ƙarfina ya fara raguwa, abin kuma bai bar raina ba.

A shekarun saba'in na yi aiki a Kafanchan, a wani ɗaki bayan tashar jirgin ƙasa, wurin masu neman ma'adinai. Sun tattaro tsofaffin taswirorin da Turawan kuza suka bari. Aikina in shimfiɗa takarda mai shara-shara a kansu, in kwafe kowane layi da tawada. Takardar ba ta son danshi. Da damina takan kumbura har rafin da na zana ya goce daga wurinsa, don haka taga a rufe take, ƙofa ma haka. Ba mai shigowa. Ina jin kukan jirgi da hirar leburori a waje, amma sai in wuni ban buɗe baki ba. Abinci ma a bakin ƙofa nake ci, in wanke hannu, in tsaya sai ya bushe.

Wata rana na buɗe taswirar wajen Gwantu. A gefen wani rafi an zana ƙananan da'irori a jere, alamar ramuka masu zurfi da aka haƙa don gwada ƙasa. Ramin da aka cike, sukan ja masa layi a tsakiya. Waɗannan ba a ja musu komai ba. Sunan rafin kuwa gara ta cinye shi, har da na ƙauyen da ke kusa.

Da maigidana ya zo daga Jos, na nuna masa.

"Ranka ya daɗe, in ciyawa ta rufe su fa? Akwai shanu, akwai mata masu ɗiban ruwa."

"Malam, kwafi aka ce ka yi. Inda babu suna, ka bar wurin fari."

Ba mugun mutum ba ne, aiki ne ya yi masa yawa.

Sai na riƙa bin mutanen Gwantu a kasuwa ina tambaya. Wani mai doya ya dube ni ya yi dariya.

"Ɗan'uwa, rami ai ko a bayan gidana akwai. Wanne kake so in ɗauko maka?"

Na yi dariyar ni ma, na koma ɗakina.

Da aikin ya ƙare, aka naɗe taswirorin aka sa a jirgi. Ban ji wani ya faɗa cikin ramukan ba, ban kuma ji an cike su ba.

Abin da nake iya tunawa shi ne, rafin ya yi kwana a gabas da wani dutse mai kai biyu, ramukan suna ta arewa da kwanar. Duk wanda ya san wurin, don Allah ya fara gaya wa mai unguwarsu. Bayan haka, in ba damuwa, ya aiko mini da sunan rafin, da halin da ramukan suke ciki yanzu.