Minti Ukun da Muka Ba Shi

Mu bakwai ne a ƙungiyar, in har za a kira ta ƙungiya. Maza masu son maza, duk 'yan Arewa, kowa da albashinsa mai tsoka a Dubai: likita ɗaya, injiniyoyi, da ni ma'aikacin banki. Ranar Lahadi da rana muke haɗuwa a gidan likitan, a sauke labule, a tara wayoyi cikin kwano a kicin, sannan mu yi ta kumfar baki da Turanci kan 'yancin talakan da ba mu taɓa gayyata ba.

Ni na kawo na takwas, har ina taƙama. Ɗan daudu ne da ya haura hamsin, ya yi shekaru yana sayar da tuwo a wata tasha a gida kafin a tashe su. Yanzu gidan burodi yake aiki a Dubai Investments Park, su takwas a ɗaki. A tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga muka fara haɗuwa. Yana riƙe haɓa ya ce "wayyo ni" na gane shi, shi ma ya gane ni duk da kwat ɗina.

Wata ƙungiya a Turai ce ta shirya taro ta bidiyo kan muryoyin da ba a ji, suka ce mu zo da wani daga ƙasa-ƙasa. Muka duba cikinmu babu, sai na tuna da shi.

Ranar taron na ɗauko shi zuwa gidan likitan. A mota ya ce, "Yallaɓai, ina cikin wani hali." Wani abokin ɗakinsa ya ga tsohon bidiyon biki a wayarsa, yana rawa da ɗankwali. Ya ba shi zuwa Juma'a ya bar ɗakin, ko ya kai shi gaban shugaban masaukin ma'aikatan. Daga nan aiki ya tafi, biza ta bi shi, in ma an tsaya a nan. Kamfani ya yarda a sauya masa gini, amma sai bayan kwana goma.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ai saboda irin wannan muke taruwa."

Da muka isa ya leƙa abincin da aka yi oda, ya taɓe baki, ya shiga kicin. Muna shan ƙamshin miyarsa muna gardamar sunan da za mu gabatar da shi. Likita ya ce kalmar ɗan daudu ta tsufa, akwai raini a ciki. Aka yi rabin sa'a kafin a zaɓar masa wasu haruffan Turanci. Ya fito da ludayi a hannu ya ce, "Ni ɗin ne haka? To, madalla."

Minti uku aka ware masa, kyamara a kashe, ni ne tafinta. Ya gyara zama ya yi sallama.

"Ni dai wurin kwana nake nema, kwana goma. Ina da bargona. Ba na munshari. Girki da wanke-wanke duk ku bar mini. Shi ke nan, Allah ya saka da alheri."

Ko minti ɗaya bai cinye ba. Duk wanda ke falon nan Hausa ya sha a nono, amma kowa ya zuba mini ido yana jiran fassara. Ni kuwa na buɗe baki na ce ɗan'uwanmu yana kira da a samar da mafaka ga ma'aikata baƙi a duk yankin, domin tsaron ɗayanmu tsaron dukanmu ne. Baturiyar da ke jagorantar taron ta dafa ƙirji. Aka tafa, mu ma muka tafa.

Bayan an rufe kwamfuta uzuri ya fara zuba. Likita ya ce mai gadin gininsu yana rubuta sunan kowane baƙo. Wani injiniya ya ce iyalinsa na hanya. Ni na ce maƙwabcina abokin aikina ne. Duk gaskiya ne, ba a yi ƙarya ba. Abin da ba wanda ya furta shi ne, mu muna iya ɓuya cikin kwat, shi kuwa tafiyarsa da muryarsa ba sa ɓoyuwa. Tsoro ne ya kama ni, tsoron a gan shi yana fitowa daga ƙofata. Ɗakuna biyu gare ni, ni kaɗai.

Na sauke shi a tasha. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yallaɓai, ba na jin Turanci, amma na ji ka fi ni daɗewa. Ka dai faɗa musu duka ko?"

Na ce na faɗa.

Ranar Asabar na kira, waya a kashe. Na sake kira Litinin. Daga baya wani direban kamfaninsu ya ce an sallame shi, an sa shi a jirgi, bai san dalili ba.

Bayan wata biyu rahoton taron ya iso. Jimlata tana shafin farko da manyan baƙaƙe, an rubuta a ƙasa: wani ma'aikaci, Dubai. Baturiyar ta roƙe ni, tunda ni na san shi, in tabbatar mata kalamansa ne daidai, don ba sa son su sa wa kowa magana a baki.

Na rubuta mata cewa haka ya ce.