Saniyar Habbanaye

Wata Laraba cikin kaka, shekarar da na cika goma sha ɗaya, Baba ya tarar da ni a gindin aduwa, can bayan burtalin Urafane. Na ɗaure Goshi da igiya biyu, tana fizga tana kuka, bijimin garken gari kuwa yana amsa mata daga bakin tabki.

Goshi ba tamu ba ce, saniyar habbanaye ce. Baffa Umaru, wani Bafillace aminin Baba, shi ya ba mu aronta bayan fari ya share mana garke. Ƙa'idar ita ce ta haihu sau uku a hannunmu, maruƙan su zama namu, uwar ta koma gidansu. Ta riga ta yi biyu.

Ni kuwa ba ni da kowa sai ita. Tsarana duk suna lakwal, wato makarantar boko, ni ina daji tun hantsi har la'asar, daga ni sai sanda da gorar fura. Shiru ya ishe ni har na fara ba ta labari, wanda na ji a bakin Inna da wanda na ƙaga. In labarin ya yi daɗi sai ta kaɗa kunne, ko ƙuda take kora, oho. Shi ya sa na yi wayona na banza: duk sanda ta nemi bijimi, sai in janye ta in ɗaure, don kada ta yi ta ukun. Wata huɗu ina haka, a gida ana ta cewa baki ne ya kama ta.

Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Kwance igiyoyin ya yi, ya ce, "Kai yaro, mutumin nan ya yarda da mu."

Da damina ta haihu. Da aka yaye maraƙar, ni aka sa na kai ta ruga. Na miƙa igiya, Baffa ya sa mini albarka, ita ko waiwayo ba ta yi ba. Na juyo ina kuka, ina ƙarasa labarin da na faro mata, ba mai ji.

Sai da na ƙara shekara ashirin ina bin shanu kafin na koyi rubutu a ajin manya. Yau burtalin nan ya zama gonar wake, ni kuma ina Tasawa ina rubuta littattafai. Duk shafin da na gama sai na karanta shi a bayyane, ni kaɗai a ɗaki. Har yanzu nakan ɗaga kai in ga ko kunne zai motsa.