Farin Abu a Saman Jinina

Mai gwajin ya ɗaga kwalbar jinina wajen taga, sai na ga abin. Jinin ya kwanta a ƙasa, a samansa wani farin abu ya taru kamar man da ke daskarewa kan miyar jiya. Wannan ƙazantar daga jikina ta fito?

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti a Anka, amma ni 'yar Abare ce. Ina ƙarama aka riƙa ɗibar jininmu saboda gubar dalma, na kuma san gidajen da suka binne yara. Ban kawo komai a raina ba sai dalmar. Ga ɗiyata goye a bayana, kwananta talatin, ba ta san komai ba sai nonona.

"Malama, ba an ce ki zo ba ki karya ba?" in ji shi.

Inna da ta rako ni ta karɓe zancen. "Maijego ta hito da ciki wayam? Ina anka taɓa haka? Tuwo ta ci da man shanu, sai ɗan kitsen rago."

"Ɗan kitse, Inna?" na ce.

"To, shi ka kawo nono!"

Mai gwajin ya ce maiƙo ne, in dawo jibi da yunwata. Ban yarda ba.

Kwana biyun nan ko warin man shanu na ji sai in yunƙura amai. In yarinyar ta kama nono, sai in ga kamar farin abin nake ɗura mata, in runtse ido. Inna ta ce da man shanun aka yi mata jego bakwai, ga ta nan da ranta. Na ce hawan jininta fa?

Ranar komawa, ana sallame asuba na sulale kafin Inna ta dama kunu.

Sai bayan azahar likita ta kira ni. Ta ce ba dalma ba ce. Kitsen jinina ya ɗan hau, amma bai kai ga magani ba. In rage man shanu da soye-soye, in riƙe wake da zogale da gasasshen kifi, in dinga taka ƙafa, in dawo bayan wata uku.

"Nonon fa?" na tambaye ta.

"Lafiyarsa ƙalau. Ba ta abinta."

Nan kan bencin asibitin na kwance goyon.