Akurkin Silimar Perla

Nicolasa Cassiani a ƙofar silimar Perla ta girma, tana taya uwarta sayar da alewar kwakwa. A wancan zamani kujerun ƙasa na masu gonakin ayaba ne. Baƙaƙe da masunta kuwa sai bene, wanda duk gari ke kira akurki, inda rufin kwano ke gasa mutum kamar kifi.

Ranar da saurayinta ya sayo musu tikitin ƙasa, rigar zuwa coci ta saka. Evaristo, ɗan mai silimar, ya tare ƙofa.

"Kaza ta yi ɓatan kai," ya ce, mutane na ta dariya. "Sama, yarinya."

Saurayin bai ce uffan ba. Ita ma daga ranar ba ta sake ce masa uffan ba, wani masunci ta aura.

Silima ta mutu, jemagu suka gaje ta. Da matasan unguwa suka share ta suka mayar da ita ɗan gidan wasa, Nicolasa, ga furfura ga ciwon gwiwa, ta nace sai an ba ta aikin zaunar da 'yan kallo. Ta ji labarin jikar Evaristo na cikin masu rawar gargajiyar nan ta kumbiya.

Ran Lahadi da la'asar, ranar wasan, sai ga Evaristo, da farar malafa da sanda.

"Baiwar Allah, kai ni gaba. Jikata ce za ta yi rawa."

"Ƙasa ta cika, ranka ya daɗe."

"Ga kujeru can ba kowa!"

"Na masunta ne, suna tafe." Ta nuna masa matakala. "Sama, mai girma Evaristo."

Ya ƙura mata ido. "Na san ki ne?"

"Ina fa! Kaji ai duk kamarsu ɗaya."

Ya kama hawa yana haki. Bai kai rabi ba ganguna suka tashi, ƙafa kuma ta ƙi. Ya zube a kan matakala, bango ne kawai a gabansa, yana jin ana tafi ana kiran sunan jikarsa.

Tomasa mai yagar tikiti ta matso. "Haba Nico, tsoho ne fa. Mu sauko da shi mana."

"Ƙyale shi, ƙawata. Kunnensa ƙalau."

Nicolasa ta tsaya a gindin matakalar ta ba dandali baya har aka gama rawar. Ita ma ba ta ga komai ba, kuma ko a jikinta.